Yadda Ake Gyaran Rediyon Tsohuwar Marsandi Ba Tare da An Yanka Dashbod Ba

Wanda ya sayi tsohuwar Mercedes-Benz samfurin W123, wato Marsandin nan da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986 irin su 200 da 230E da 280E da 240D, sau da yawa yakan tarar da rediyon asali yana nan a mazauninsa amma ya yi shiru. Galibi Becker ne, Europa ko Mexico, wani lokaci kuma Blaupunkt. Abin da aka saba yi shi ne a kai motar wurin ɗan rewaya, ya fizge tsohon, ya yanke wayoyin, ya faɗaɗa ramin da zarto, ya cusa sabo mai walƙiya. A ganina wannan asara ce, domin dashbod ɗin da aka yanka ba ya komawa yadda yake, kuma yawancin waɗannan rediyoyin ba su mutu ba. An gina su ne a zamanin da ake yin kaya don a gyara, kowane ɗan ƙarfe a cikinsu ana iya kaiwa gare shi a cire shi a sa wani. Bayanin da ke tafe ya shafi Marsandi ne kai tsaye, amma kusan dukkansa zai yi wa mai Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, amfani, haka ma mai tsohuwar Volkswagen ko Volvo.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: daga waje ake farawa a shiga ciki. Rediyo yana bukatar abu huɗu daga jikin mota, wato wuta, da as (haɗin da wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen mota), da eriya, da sifika, kuma sai an tabbatar da lafiyar huɗun nan kafin a kwance ko sukuru ɗaya na akwatinsa. Kayan aikin ba su da yawa. Za ka bukaci mita mai auna bolt da om, ƙananan sukudireba, filaya mai dogon baki, ƙarfen liƙi na lantarki mai ƙarfin wat 25 zuwa 40 da dalmarsa, sipirit, buroshi mai laushi, ruwan feshi na wanke makunnan lantarki, kwan sigina na bolt 12 wat 21, da batirin tocila guda. Ka riƙe wayarka kusa, ka ɗauki hoton kowace waya da kowane soket kafin ka zare shi, saboda bayan kwana uku babu mai tuna wacce ta fito daga ina.

Binciken da ake yi a cikin mota

Fara da batir. Idan mota tana kashe, lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6, idan kuma inji yana aiki sai ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In ka ga ya haura 15, to na'urar daidaita cajin altaneta ta lalace, kuma wataƙila ita ce ta ƙona rediyon tun farko, don haka sai a gyara ta kafin a mayar da shi. Daga nan sai akwatin fis, wanda a W123 yake cikin gidan inji kusa da bangon da ya raba shi da mazaunin direba. Fis ɗin motar irin na da ne, dogo mai tsini a kai biyu, da siririn ƙarfe kwance a bayansa. Irin wannan fis yana yaudarar ido ƙwarai, domin ƙarfen yana iya kasancewa lafiya lau alhali tsinin ya ci tsatsa har wuta ba ta wucewa. Kada ka tsaya ga kallo. Cire shi, ka goge maƙalan da sanfefa mai laushi, ka ɗan matse su, sannan ka auna wuta a ɓangarorin biyu bayan ka murɗa makulli. Rediyon kansa ma yana da nasa ƙaramin fis a baya ko a kan wayar wutarsa, kuma adadin da aka rubuta a jikinsa shi za ka mayar. Naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadin fis shi ne abin da ke mayar da ƙaramar matsala gobara.

Idan wuta tana isa, sai as. A motocin Jamus wayar as launin ƙasa-ƙasa ce, kuma a kan tashoshin lantarkinsu lamba 31 na nufin as, 30 wutar batir kai tsaye, 15 kuma wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli. Sa mita a kan om, ka taɓa jikin akwatin rediyon da tsinke ɗaya, ɗayan kuma a kan tsirarar ƙarfen mota. Ya kamata ka ga abin da bai kai om ɗaya ba. Rediyon da as ɗinsa ta yi rauni yakan nemi hanya ta cikin wayar eriya, sai ya riƙa kamawa yana saki, ko fitilarsa ta dushe duk lokacin da aka ƙara murya.

Sifika ce ta gaba, kuma a nan ne zafin ƙasarmu ya fi yin ɓarna. Sifikun gaba na W123 suna kusurwoyin saman dashbod, ƙarƙashin gilashi, inda rana ta shekara arba'in tana gasa su, takardar ta bushe ta tsage, ƙurar hunturu kuma ta cika tsakiyarsu. Zare wayoyin sifika daga bayan rediyo, ka auna su. Sifika mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4 a mita. In mita ba ta motsa ba, ko dai wayar ta katse ko sifikar ta ƙone, in kuma ta nuna sifili to wayoyin sun haɗu a wani wuri. Sannan ka ɗan taɓa wayoyin biyu a kan batirin tocila, lafiyayyar sifika za ta yi ƙas a kowane taɓi. Akwai wani abu da mutane da yawa ke mantawa da shi a wannan motar. Waɗanda ke da sifiku huɗu suna da ɗan gare a tsakanin kujerun gaba wanda ake murzawa don raba murya tsakanin gaba da baya, kuma duk sautin ta cikinsa yake bi. Idan ya yi datti, sai murya ta ɗauke gaba ɗaya ko ta wani ɓangare, a ɗora wa rediyo laifin da ba nasa ba. Fesa masa ruwan wanke makunni, ka murza shi gaba da baya sau da yawa, ko kuma ka gwada rediyon da wata sifika kai tsaye don ka tsallake shi.

Saura eriya. Zare fuloginta daga rediyo, ka auna tsakanin tsinken tsakiya da sandar eriyar a waje, ya kamata su kasance a haɗe. Tsakanin tsinken da rigar ƙarfen fulogin kuwa kada mita ta nuna komai, sannan rigar da jikin mota su kasance a haɗe. Hanya mafi sauƙi ta kawar da shakka ita ce ka cusa waya mai tsawon mita ɗaya a ramin tsakiya na soket ɗin, in tashoshin FM na gari suka fito to matsalar ta eriya ce. Eriyar Hirschmann mai tashi da kanta da ke kan wasu daga cikin waɗannan motoci takan maƙale ne saboda datti, kuma goge sandar da tsumma mai ɗan mai yakan wadatar.

Fitar da rediyo da kunna shi a kan tebur

Sai huɗun nan sun tabbata lafiya ne za a fitar da rediyon. Cire kan batir na as, wato mai alamar ɗebewa, tukuna. Ja maɓallan murɗawa biyu su fito, ka ɓanɓare fuskar a hankali da abu mai faɗi wanda ba zai karce itacen dashbod ba, a bayanta za ka ga abin da ya riƙe akwatin, ko dai maƙalai a gefe biyu ko noti a kan sandunan maɓallan. Kada ka ja da ƙarfi. Wasu samfuran Becker, musamman masu kaset, suna da amfilifaya, wato sashen ƙara murya, dabam da aka ɓoye a bayan dashbod, haɗe da kebul mai kauri, kuma in ba tare da ita ba rediyon ba zai yi magana a tebur ba. Ka kuma duba bayan akwatin, inda sau da yawa akwai zagayayyen soket mai ramuka da yawa da aka tanada don haɗa na'urar kaset. A kan yawancinsu akwai ɗan murfi mai tsinke da ke toshe shi, kuma wannan murfin gada ce da sauti ke bi. Idan ya faɗi ko wani ya cire shi, rediyo zai kama wuta, fitila ta haska, amma ba za a ji komai ba.

Wanda motarsa ta girmi W123 ya lura da abu biyu. Motoci da dama na kafin 1967, irin su tsohuwar Volkswagen, bolt 6 suke amfani da shi, wasu motocin Ingila na wancan zamanin kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikinsu. Rediyoyin Blaupunkt na shekarun 1960 da yawa suna da wurin sauya bolt da sauya kai, kuma dole ne a duba shi kafin a ba su wuta. Na biyu, idan ka buɗe ka tarar da kwalaben gilashi a ciki, irin na shekarun 1950, ka rufe ka kai wa wanda ya san su, domin suna ɗaga wuta ta haura bolt 200, kuma tana iya zama a ciki bayan an kashe.

A kan tebur, haɗa sifika kafin wuta, saboda wasu tsofaffin amfilifayoyi suna lalacewa in aka kunna su babu sifika. Jikin akwatin ya tafi kan batir na as. Wayar wuta kuwa kada ta tafi kai tsaye, ka ratsa da ita ta cikin kwan siginar nan na wat 21, yadda duk wutar da za ta shiga rediyo sai ta bi ta kwan. Wannan dabarar ta fi kowace muhimmanci a aikin. Lafiyayyen rediyon tiranzista ba ya jan ko amfiya ɗaya in murya tana ƙasa, don haka kwan zai yi ɗan ja-ja ne ko ma ya ƙi kamawa. Idan ya haska sosai, akwai inda wuta ta haɗu da as a ciki, kuma kwan ya shanye abin da da zai ƙona layukan fanel, wato allon da aka liƙa kayan lantarkin rediyon a kansa. A irin wannan hali wuraren da za a fara zargi su ne babbar kafasitar da ke bakin shigar wuta, da dayod ɗin kariya in akwai, da tiranzistocin fitar da murya. Rediyon da aka taɓa juya wa kan batir, ko aka yi wa motarsa jan wuta da wayoyi a juye, kusan kullum a waɗannan wuraren yake samun rauni.

Idan kwan bai haska ba, buɗe murfin sama da na ƙasa, ka kaɗe ƙura da buroshi, ka duba da kyau a cikin haske. Nemi wurin da ya yi baƙi, da kafasitar da ta kumbura ko ta zubar da ruwa, da dalmar da ta tsage ta yi zobe a gindin ƙafa, musamman a ƙafafun maɓallin murya da soket-soket da duk abin da ke da nauyi, domin girgizar hanya ta shekaru a nan take karya liƙi. Sake narka irin waɗannan wurare da sabuwar dalma kaɗai yana tayar da rediyoyi da yawa. Sai wanki. Fesa ruwan wanke makunni kaɗan a cikin maɓallin murya da cikin makunnan sauya zango, ka motsa su sau ashirin ko talatin, ka bari su bushe. Na san an saba wanke fanel da fetur ko tina da buroshin haƙori, amma kada a kusanto da su nan, domin tina tana share lambobin da ke kan gilashin tashoshi cikin daƙiƙa ɗaya, tana kuma narka robobin ciki, kuma wannan gilashin da wuya a same shi a kasuwa.

Yanzu sai a raba matsalar gida biyu. Kunna rediyon, ka ɗaga murya rabi, ka riƙe ƙarfen ƙaramar sukudireba da yatsa, ka taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin murya. Idan sifika ta yi gurnani, amfilifaya tana da rai, matsalar tana ɓangaren kama tasha. Idan shiru ne, tana ɓangaren murya, kuma wannan ya fi sauƙin gyara. Rediyoyin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 da yawa suna amfani da aisi (IC), wato ɗan guntun lantarki mai ƙara murya, mai ƙafa biyar, TDA2002 ko TDA2003, wanda har yau ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran lantarki. A kan TDA2003 ƙafa ta 5 ce ke karɓar wuta, ta 3 as ce, ta 4 kuma ita ce mafitar murya, kuma ya kamata ta nuna kusan rabin wutar batir, wato bolt 6 zuwa 7. In ta nuna sifili ko cikakken 12, aisin ya tafi. Waɗanda suka girme su suna da tiranzistoci biyu a maƙale da jikin akwati, irin su AD161 da AD162, kuma mahaɗarsu ma rabin wuta take nunawa. Waɗannan na jamaniyam ne, ba silikon ba, kuma a gwajin dayod na mita sukan nuna 0.1 zuwa 0.3 maimakon 0.6 zuwa 0.7, don haka kada ka ga ƙaramin adadi ka yanke musu hukuncin mutuwa. Ba a kuma musanya su da na silikon kai tsaye sai an sauya razistocin da ke kewaye da su. Duk abin da ka cire daga jikin akwati, ka shafa masa sabon farin man ɗauke zafi kafin ka ɗaure shi.

Maganar kafasita tana bukatar natsuwa. Masu ruwa a ciki, wato masu siffar gwangwani da alamar tarawa da ɗebewa, suna bushewa da shekaru, kuma motar da ke yini a rana a Sakkwato ko Maiduguri ta fi saurin busar da su. Alamominsu su ne murya ƙasa-ƙasa, ko sauti mara kauri, ko gurnani, ko wani bugu kamar na injin niƙa in an ƙara murya. A rediyon da ya haura shekara arba'in ina ganin daidai ne a sauya su duka, amma ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa bayan kowace biyu ko uku, domin in kuskure ya faru a san inda yake. Adadin maikirofarad ya zama daidai da na tsohuwar, bolt kuwa ya yi daidai ko ya fi, misali mai bolt 25 a madadin mai 16, kuma a zaɓi masu jure zafin digiri 105. Yi wa fanel alama a gefen ƙafar ɗebewa kafin ka cire tsohuwar, saboda wadda aka sa a juye tana fashewa. Ƙananan kafasitocin tantalum masu kama da ɗigon fenti su ma sukan haɗe wuta, a auna su. Amma ƙananan na yumɓu da masu sheƙi kamar gilashi da ke ɓangaren kama tasha, a bar su yadda suke, da wuya su lalace, kuma da su aka daidaita rediyon a masana'anta.

A wannan ɓangaren ne nake roƙon kowa ya kame hannunsa. Za ka ga ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne da abin murɗawa a tsakiya, wasu an ɗiga musu kakin zuma ko fenti. Ba sukurori ba ne da suka kwance. An saita su ne da na'ura a kan megahaz 10.7 na FM da kuma wajen kilohaz 460 na matsakaicin zango, kuma wanda ya murɗa su da ka yana neman ƙarin murya zai ɓatar da saitin da ba ya dawowa sai da na'urar gwaji ta musamman da ake kira janaretan sigina, in ma bai farfasa baƙin dutsen da ke ciki ba. Abin da za ka iya yi a nan shi ne gwada kowane zango dabam. A rediyon Jamus harafin U shi ne FM, M matsakaicin zango, L dogon zango, K kuma gajeren zango, galibi mita 49, inda iyayenmu suka riƙa kama Rediyon Kaduna a kan kilohaz 6090. Idan wani zango yana aiki wani ba ya yi, mafi yawan lokuta makunnin sauya zango ne bai wanku ba, a sake wanke shi. Idan duka sun yi shiru alhali amfilifaya tana gurnani, auna wutar da ke shiga ɓangaren, wadda galibi wani dayod na zena ke tsayar da ita ƙasa da ta batir, domin in ya haɗe ko razistar da ke ciyar da shi ta ƙone, komai zai mutu lokaci ɗaya. A rediyoyin shekarun 1960 masu tiranzistocin AF114 zuwa AF117 akwai sananniyar cuta, wasu siraran zaruruwan ƙarfe ne ke tsirowa a cikin gwangwanin su haɗe ƙafafu, kuma in ka ɗan ƙwanƙwasa tiranzistar da bayan sukudireba sauti ya dawo, ka gano mai laifin. Ka kuma sani cewa tsofaffin rediyoyin Turai da yawa FM ɗinsu a megahaz 104 yake tsayawa, don haka rashin kama tashar da ke sama da nan ba lalacewa ba ce.

Maɓallan ajiye tasha na inji ne zalla, ana jawo maɓalli waje, a kamo tasha da hannu, a danna shi ciki har ƙarshe. Idan sun yi tauri ko allura ta ƙi tafiya, tsohon giris ne ya daskare. Narka shi da sipirit da tsinken auduga, ka sa sabo ɗan kaɗan a kan sandunan zamiya kawai, kada ya taɓa sandunan baƙin dutse da ke shiga cikin koyil ko faifan kulocin da ke juya allura. Kwan fitilar fuska a sauya shi da irinsa. Mai kaset kuma kusan kullum bel ne ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, sai a goge ragowarsa da sipirit, a auna tsawon hanyarsa da zare, a nemi wanda ya ɗan fi zaren gajarta, sannan a goge kan karatu da tayar roba.

Mayar da shi mazauninsa

Bar rediyon ya yi aiki a tebur na awa ɗaya, a wannan karon da fis a madadin kwan, kana taɓa jikinsa don jin ko wani wuri yana zafi fiye da kima. Sannan ka mayar da shi, ka ɗaure maƙalin baya in yana da shi, ka haɗa sifiku da eriya kafin wuta, ka mayar da kan batir. Kafin ka rufe fuskar akwai saiti ɗaya da aka yarda mai mota ya taɓa, wato ƙaramin sukurun daidaita eriya, wanda yake a gaba bayan fuska ko a gefe kusa da soket ɗin eriya. Zaro eriya gaba ɗaya, ka koma matsakaicin zango, ka nemi tasha mai rauni wajen kilohaz 1400, in babu ko shuuu ɗin iska ya isa, ka murɗa sukurun a hankali har inda sauti ya fi ƙarfi. Da dare aka fi jin amfanin wannan, lokacin da tashoshin nesa ke shigowa.

Daga ƙarshe tayar da inji ka saurara. Kukan da ke hawa yana sauka tare da totur daga altaneta yake, kuma maganinsa shi ne tsabtace as ɗin rediyo da kebul ɗin da ya haɗa inji da jikin mota, in bai tafi ba a sa matatar ƙara a kan wayar wutar rediyo. Ƙas-ƙas mai bin bugun inji kuwa daga fulogi ne, a duba wayoyin fulogi da kawunansu ko masu razista ne, a kuma sa kafasitar kashe ƙara a tashar koyil mai lamba 15, ba mai lamba 1 ba, domin a can za ta raunana tartsatsin. Masu 200D da 240D da 300D ba su da wannan damuwar tunda injin dizal ba ya aiki da tartsatsi. Idan ƙarar ta ƙi tafiya bayan duk wannan, zare cajar waya daga soket ɗin sigari, ka kashe duk wani kwan LED da aka ƙara wa motar, ka sake saurarawa, domin masu arha daga cikinsu suna watsa hayaniyar da ke rufe matsakaicin zango gaba ɗaya, kuma sauya caja ɗaya ya fi sake buɗe rediyo sauƙi.